Me ya sa hayaƙi mai launi yake kodewa a hoto, kuma yaya ake gyara shi?

Tambaya: Wani matashi mai ɗaukar hoto ya sayi gwangwanayen hayaƙi, ja da shuɗi, don hotunan kafin aure. A ido hayaƙin ya yi kyau, amma a hoto jan ya kode ya koma ruwan hoda mai fari-fari, murɗe-murɗensa sun ɓace, fuskar amarya kuma ta ɗauki shuɗi. Da ya ƙara launi a Lightroom, manhajar gyaran hoto, sai fatar mutanen ta yi jajawur. Yana neman sanin inda matsalar take, da kuma yadda ake yin hotunan nan na siririn hayaƙi mai launuka a kan baƙi.

Amsa:

Ɗan'uwa, hayaƙi iri biyu ka haɗa a tambayarka, kuma hasken da ɗaya yake so zai iya kashe ɗayan. Bari mu fara da na gwangwani tunda shi ne ya ci maka kuɗi.

Abin da ke cikin gwangwanin nan garin rini ne, da sukari da zai ci wuta, da sinadarin fotashiyam kilorat da ke ba wutar iskar da take bukata, da wani abu kamar bakar soda da ke rage zafin. Dalilin rage zafin shi ne kada rinin ya ƙone. So ake ya zama tururi ya fita, da ya haɗu da iska sai ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi. Wato rini ne yake shawagi a gaban kyamararka. Shi ya sa yake da kauri har ba a ganin abin da ke bayansa, shi ya sa yake watsa launinsa a kan duk abin da ke kusa, shi ya sa kuma yake ɓata farar shadda da farin leshi idan aka matso da shi jikin mutum.

Kodewar da ka gani daga yawan haske ne, kuma kyamarar ce ta yaudare ka ba da gangan ba. Kyamara tana ajiye hoto a tashoshi uku: ja, kore da shuɗi. Ma'auninta na haske ya fi ba wa kore nauyi, saboda haka jan hayaƙi a cikin rana yana iya cika tashar ja ta kai maƙura alhali hoton gaba ɗaya bai nuna alamar ƙonewa ba. Da zarar ja ya kai 255, wato ƙarshen abin da JPEG, hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, zai iya riƙewa, duk hasken da ya ƙaru kore da shuɗi kawai yake ɗagawa. Daga nan jan ya fara komawa ruwan hoda ko ruwan lemo, sannan fari. Murɗe-murɗen kuwa bambanci ne tsakanin ja mai haske da ja mai duhu, to idan duka biyun sun zama 255 ina bambancin zai fito? Shiga saitin kyamararka ka kunna histogiram, zanen da ke jera hasken hoto daga duhu a hagu zuwa haske a dama, irin mai nuna launuka uku dabam-dabam, ka daina dogara da farin nan guda ɗaya. Idan tashar ja ta jingina da bangon dama, rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki, ko mataki ɗaya cur, wato rabin hasken. Kuma ka ɗauka da RAW, ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. RAW yana riƙe bit 12 ko 14, JPEG kuwa 8 ne kacal, matakai 256 a kowace tasha, kuma a wurin da launi ke sauyawa a hankali kamar hayaƙi wannan bambancin yana fitowa ƙarara.

To amma ga inda aikinmu ya fi wuya. Idan ka rage haske don ceton hayaƙi, fuskar baƙar fata za ta yi duhu, musamman idan ango yana cikin fararen kaya. Maganin shi ne ka raba aikin gida biyu: hasken rana ya ji da hayaƙi, filashi ko faifan mayar da haske ya ji da fuska. Filashin kuma kada ya zauna a kan kyamara. Duk wanda ya taɓa kunna babbar fitilar mota cikin hazon hunturu ya san abin da ke faruwa: hasken yana dawo masa ne, bai ƙara ganin komai ba. Filashin kan kyamara haka yake yi wa hayaƙi, ya haske na gaba-gaba ya mayar da shi fari, ya shafe duk wata inuwa da ke ba shi siffa. Ɗora shi a sanda, a gefe, kimanin digiri 45 daga kyamara, cikin laima ko sofbos, wato akwatin tausasa haske, ka matso da shi kusa da fuskokin. Kusancin yana da amfani biyu: hasken ya yi laushi, sannan ya raunana kafin ya kai ga hayaƙin da ke baya, domin duk lokacin da nisa ya ninka, haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Ranar kanta, a gefe nake son ta, ko a gefe ta ɗan karkata zuwa bayan mutanen, bayan la'asar sakaliya ko da hantsi bai yi ba. Hasken gefe ne yake sa kowane dunƙule na hayaƙi ya samu ɓangare mai haske da ɓangare mai inuwa. Idan rana tana baya sosai, bakin hayaƙin inda ya yi siriri zai yi walƙiya, tsakiyarsa mai kauri kuma ta yi duhu. Rawaya da ruwan lemo suna jure wannan, har ma suna yin kyau da shi. Shuɗi mai duhu da shunayya kuwa suna haɗiye haske, sai su koma toka-toka. Ranar da hadari ya rufe sama launi yana fitowa cikakke ba tare da wahala ba, sai dai siffar ba ta kai ta hasken gefe ba. Tsakar rana kuwa ka bar ta.

Ka kuma lura da abin da ke bayan hayaƙin. Inuwar bishiyoyi, katangar da rana ba ta dukanta, ko dutse mai duhu, duk suna tura launin gaba. Farin sararin samaniya na lokacin hazo yana shanye shi. Koren hayaƙi a gaban korayen bishiyoyi asarar kuɗi ne.

A saiti, ka sa komai da hannu kafin a ja wayar gwangwanin, domin da hayaƙi ya cika hoto kyamarar da aka bari a kan otomatik za ta rikice, kowane hoto ya fito da nasa hasken. Saurin shata 1/500 zuwa 1/1000 yana tsayar da murɗewar hayaƙi tsaf. Buɗin gilashi f/2.8 zuwa f/4, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, mafi ƙanƙanta da hasken wurin zai ba ka. Daidaiton fari ka kafe shi a kan hasken rana, wajen 5500K. Wani ɓangare na matsalar fuskar amaryarka daga nan yake iya zuwa: kyamara ta ga launi ɗaya ya mamaye hoto sai ta yi ƙoƙarin kashe shi, ta jirkita launin fata. Sauran kuwa shuɗin da hayaƙin ya watsa mata ne, saboda ya yi mata kusa. Ka bar taku biyu ko uku tsakaninsu da shi.

Akwai cikas ɗaya idan za ka haɗa da filashi. Yawancin kyamarori ba sa daidaita da filashi sama da 1/200 ko 1/250. Ko dai ka kunna HSS, saitin da ke barin filashi ya bi shata mai sauri, wanda yake cinye ƙarfin filashin sosai, sai filashi mai ƙarfi irin su Godox AD200 ne ke iya ɗauka cikin rana, ko kuma ka tsaya a 1/200 ka sa baƙin gilashin ND a gaba don rage hasken. Ni na fi karkata ga ta biyun idan iska ba ta da ƙarfi, domin ɗan laushin da hayaƙi ke yi a 1/200 ba ya ɓata hoto, wani lokacin ma ƙara masa kyau yake yi.

Gwangwani ba ya jira. Yawancin waɗanda ake sayarwa minti ɗaya ne zuwa minti ɗaya da rabi, ƙanana kuma ba sa wuce rabin minti, sannan daƙiƙun farko tartsatsi ne da ɗan siririn hayaƙi. Don haka a gwada komai tukuna ba a kunna ba: inda ango zai tsaya, inda amarya za ta kalla, hanyar da yaronka zai bi. Ɗebi ƙura a hannu ka saki ka ga inda iska ta nufa. So kake ta ɗauke hayaƙin ta gefe ko ta kai shi baya, kada ta turo shi tsakaninka da mutanen, domin a nan ne kyamara take sakin fuska ta kama hayaƙi. Ka kama idon amarya ka kulle fokas kafin a kunna. Yaron ya riƙe gwangwanin nesa da jikinsa, ya yi tafiya a hankali ta bayansu yana ɗaga hannu yana saukewa. Idan ya yi gudu hayaƙin tsinkewa yake yi. Kai kuma ka danne maɓalli ka yi ta ɗauka a jere, domin mafi kyawun hoto sau da yawa yana zuwa ne bayan yaron ya fice, hayaƙin ya buɗe ya tsaya a iska.

Wannan kuma ina roƙonka kada ka ɗauke shi da wasa. Gwangwanin yana zafi, yana tartsatsi, kuma busasshiyar ciyawar rani ba ta bukatar fiye da haka. Ka ajiye bokitin ruwa ko yashi kusa. Kada a kunna shi cikin ɗaki ko zauren biki. Ka tambaya ko akwai mai asma a cikin mutanen, ka nisanta yara. Ka kuma sanar da masu wurin da jami'an tsaron da ke kusa kafin ka tayar da jan hayaƙi a fili, domin wanda ya hango shi daga nesa bai san hoto ake ɗauka ba.

Siririn hayaƙi a kan baƙi kuwa aikin ɗaki ne, kuma da turaren tsinke ake yin sa. Turaren wuta a kasko yana ba da hayaƙi mai faɗi, zafin garwashi kuma yana sa shi sauri. Tsinke ne yake ba da zare ɗaya mai tsabta. Wannan hayaƙin ba shi da rini. Ana ganinsa ne kawai saboda ƙwayoyinsa suna warwatsa haske, kuma sun fi warwatsa shi zuwa gaba, ta inda hasken ya nufa. Shi ya sa filashin da ke gefe ya ɗan ja baya yake fito da shi fiye da wanda ke gabansa nesa ba kusa ba. Ɗan shuɗi-shuɗin da kake gani a jikinsa kuma saboda ƙanƙantar ƙwayoyin ne, sun fi warwatsa shuɗi a kan ja. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wajen 1900 masanin Faransa Étienne-Jules Marey ya ɗauki hotunan zaren hayaƙi a gaban baƙin bango da walƙiyar maganiziyam, don ya ga yadda iska ke kewaye abubuwa.

Rufe taga, kashe fanka. Rataya baƙin ƙyalle, karammiski ya fi domin ba ya sheƙi, ka bar mita ɗaya ko fiye tsakaninsa da turaren. Filashi a gefe, santimita 30 zuwa 50 daga hayaƙin. Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan aikin: naɗe kwali a bakin filashin ya zama bututu, ko ka manna kwali biyu a gefe da gefe, ɗaya ya hana haske taɓa ƙyallen, ɗaya ya hana shi shiga gilashin kyamara. Haske kaɗan ya zubo kan ƙyallen, baƙinka ya zama toka. Kyamara a kan ƙafa, 1/200, f/8 zuwa f/11, ISO 100 ko 200, ƙarfin filashi 1/8 ko 1/16. A ƙaramin ƙarfi irin wannan walƙiyar filashi tana da gajarta ƙwarai, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ita ce ke tsayar da hayaƙin. Ɗauki hoto ɗaya filashi a kashe. Idan bai fito baƙi ƙirin ba, akwai hasken da ke shigowa ɗakin. Fokas da hannu: kama kan tsinken, sannan ka ɗaga kyamarar sama ka fitar da shi daga hoto.

Za ka ga hayaƙin ya tashi a miƙe na ɗan tsayi, sannan ya fara karyewa yana naɗewa. Wurin karyewar nan ne hoton yake. Kifa cokali a saman zaren, hayaƙin zai taru a cikinsa ya riƙa malalowa ta baki yana yin zobba. Ɗan kaɗa yatsa daga nesa ma ya isa ya sauya siffar. Bayan kowane minti goma ko sha biyar ka buɗe ƙofa ɗakin ya sha iska, don lafiyar ƙirjinka, kuma don hayaƙin da ya taru yana mayar da baƙi toka. Idan kana son launin ya fito tun daga kyamara, manna ledar launi a bakin filashi. Filashi biyu, ja a dama shuɗi a hagu, suna ba da shunayya a inda suka haɗu. Ka rage ƙarfi idan launin ya kode, matsalar tashar nan ce dai ta dawo. Wanda ba shi da filashi zai iya amfani da tocila mai ƙarfi, ya sa 1/250 ko sama, ya ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600.

Sai gyara. Hotunan da ka riga ka ɗauka, idan RAW ne, ja Highlights ƙasa sosai ka gani ko murɗe-murɗen za su dawo; sau da yawa akan samu wani abu. Idan JPEG ne kuma tashar ta cika, babu abin da ya rage a wurin da za a dawo da shi, duk launin da ka zuba shimfiɗe zai zauna.

Dalilin da fata ta yi ja da ka ƙara launi shi ne fatar ɗan'adam, baƙa ko fara, tana zaune ne a launin ruwan lemo da ja, wuri ɗaya da jan hayaƙinka. Don haka kafin ka taɓa launi ka raba mutane da hayaƙi. Tun 2021 Lightroom yake da Select Subject, mai ware mutum daga sauran hoto da kansa. Zaɓi mutanen, ka kwafi zaɓin ka juya shi, ka samu na hayaƙi da bango. Daga nan kowa da gyaransa. A kan hayaƙi, shawarata ita ce ka rage hasken launin maimakon ƙara kaurinsa. Jan da aka ɗan duhunta yana ganuwa cikakke kuma siffarsa tana nan, wanda aka cika wa Saturation kuwa tashar yake sake cikawa. Point Color da aka ƙaro a 2023 yana ba ka damar taɓa wannan jan kaɗai.

Dehaze yana bukatar hannu mai sauƙi. An yi shi ne don ya cire hazo, kuma hayaƙi a wurinsa hazo ne. Daga 5 zuwa 15 yana zurfafa launi ya fito da dunƙule-dunƙule. Ka wuce haka sai ya cinye siraran gefuna, ya bar baƙin datti a inuwa, hayaƙin ya zama kamar an yanko shi an liƙa. Clarity kaɗan yana taimaka wa manyan murɗe-murɗe. Texture da Sharpening ba su da aiki a kan hayaƙi, ƙwayoyin datti kawai suke tayarwa. Shuɗin da ke fuskar amarya kuma ka bi shi da burushi, ka ɗan matsa Temp zuwa ɗumi, amma ka bar kaɗan a gefen kunci da kafaɗa da bakin mayafi. Wannan ɗan launin ne yake shaida cewa da gaske tana tsaye a wurin. Haka idan ka sauya launin hayaƙin gaba ɗaya, sai ka sauya wanda ya zuba a kaya da ƙasa, in ba haka ba ido zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai gane mene ne ba.

Idan hayaƙin bai cika hoto ɗaya ba kuma ka ɗauka a kan ƙafa, jera hotuna biyu ko uku a Photoshop leya-leya, wato ɗaya a kan ɗaya, ka buɗe na ƙasa da burushi mai laushi. Screen, salon haɗa leyoyi da ke ɓatar da baƙi ya bar haske, yana aiki ne ga siririn hayaƙin da aka ɗauka a kan baƙi. Idan ka sa shi ga kakkauran hayaƙi a wuri mai haske, wanke launin zai yi.

Gyaran hoton turare ya fi sauƙi amma ya fi son tsabta. Fara da mayar da baƙi baƙi na gaske: danne Alt kana jan Blacks, allon zai nuna maka inda ya kai sifili da inda bai kai ba. A Photoshop nakan ɗora Levels na wucin gadi in haska hoton fiye da kima, sai duk ƙurar da filashi ya kama da guntayen hayaƙin da ba a so su bayyana, in shafe su da baƙin burushi, sannan in goge wannan leyar. Launi ɗaya, Hue/Saturation da Colorize ya isa. Launuka da yawa, buɗe sabuwar leya, ja launukan daga ƙasa zuwa sama, ka sa ta a kan Color. Baƙin ba zai ɗauki komai ba, hayaƙin ne kawai zai rinu. Gradient Map kuma yana raba launi bisa haske, kakkauran wuri ya ɗauki ɗaya, siriri ya ɗauki wani, kuma a ganina wannan ya fi kama da abin da haske zai iya yi da kansa. Launi biyu maƙwabta sun fi bakan gizo kyau. Idan farin bango kake so, danna Ctrl da I ka juya hoton, amma ka juya kafin ka rina, domin juyawa tana mayar da shuɗi rawaya-rawaya, ja kuma ya koma kore mai shuɗi. Manhajar GIMP tana yin duk wannan kyauta.

Yi aikin a bit 16 har ƙarshe. Inda hayaƙi ke narkewa cikin baƙi shi ne wurin da layuka-layuka ke fitowa idan matakan launi sun yi kaɗan, kuma matsewar da WhatsApp da Instagram ke yi tana ƙara tona su. Ɗan Grain kaɗan kafin fitarwa yana ɓoye su. Fitar da hoton a sRGB, na Instagram 1080 a faɗi 1350 a tsaye, na mai biki kuma ka tura masa a matsayin fayil a WhatsApp don kada a matse shi. Idan za a wanke babba a sa a firam, fara wanke ƙarami ka duba a hasken rana, domin takarda ba ta kai allo iya nuna shuɗi mai ƙarfi da shunayya ba, kuma inuwar hayaƙi takan fi duhu a kanta. In ya yi duhu, ɗaga Shadows na hayaƙin kaɗan a kwafin da za a wanke kawai, ka bar na waya yadda yake.